Allurar Kyalla

Ranar da Sakinatu ta fara ganin Kailani, a ƙasa ta gan shi, zaune daɓas cikin kashin shanu, hularsa can gefe. Saniyarta Kyalla ce ta harbe shi, shi kuwa malamin dabbobi ne guda, da akwatin allura ɗaure a bayan keke. Ta so ta danne dariya, dariya ta ƙi dannuwa.

"Sannu, Malam. Ba ta son baƙon hannu ne."

"Na shaida," in ji shi yana kakkaɓe wando. "To ki ara mini naki."

A shekarar 1956 ne, a Tudun Wadan Zariya. Kyalla ita ce abin da mahaifiyar Sakinatu ta rasu ta bar mata. Tun da ta haifi maraƙi ɗaya ta tsaya cik, ba ta ƙara neman bijimi ba. Malam Junaidu, mahaifin Sakinatu, ya gaji da sayen dusa, har Nagoda mahauci ya fara zarya a gidan, ido ɗaya a kan saniya, ɗaya a kan mai saniya.

Sakinatu ta riƙe saniyar tana shafa wuyanta, Kailani ya duba ta tsaf, sannan ya juya wurin Malam Junaidu.

"Baba, ba juya ba ce. Ƙwayayenta ne suka yi barci. Akwai allurar da ke tashinsu, sai ta nemi bijimi. Ɗaukar ciki kuwa na Allah ne."

"Da me ake yin ta?" in ji Malam Junaidu.

Da mai wayo ne da ya ce maganin Turawa ne, a wuce wurin. Amma Kailani gaskiya ta yi masa yawa. "Daga jinin goɗiya mai ciki ake tace ta," ya ce. Nagoda yana jingine da katanga, ya ji da kunnensa.

Aka yi allura. Ba a jima ba Kyalla ta fara kuka tana fizgar turke, aka ja ta zuwa rugar Fulani a bayan Hanwa aka yi mata barbara. Aiki ya ƙare, amma keken Kailani bai daina tsayawa a ƙofar gidan ba. Duk lardin Zazzau babu saniyar da ta sami irin wannan kulawa, ita kuwa kullum da harbi take gode masa.

"Malam, yau ma saniyar ka zo dubawa?"

"Ita ta kawo ni, Uwar Kyalla. Ke kika hana ni tafiya."

Sakinatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Son sa ya riga ya kama ta, kuma ta sani.

Da Kailani ya turo manyansa, sai suka tarar magana ta riga su isowa. Nagoda ya baza ta a mahauta, mata suka kai ta bakin rijiya: wai maganin da ya sa saniya kukan neman bijimi, shi malamin ya ɗiga wa yarinya a fura. In ba haka ba, yaushe 'yar Malam mai kunya ta koyi tsayawa da namiji a bakin turke?

Malam Junaidu ba mugu ba ne, tsoro ya ji. Sakinatu marainiya ce, ita kaɗai gare shi.

"Ba zan ba da 'yata ga wanda ya juya mata hankali da jinin goɗiya ba," ya ce. "Kada in ƙara ganin kekensa."

Sakinatu ta rame. Rashin ganin Kailani ya yi mata ciwo, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne a ce son da take yi ba nata ba ne. Ga shi 'ya ba ta buɗe baki ta yi wa uba zancen saurayi.

Wata safiya tana daka da Gwaggo Ishatu, ƙanwar Malam, sai ta ji motsinsa a bayan zana yana zuba wa Kyalla harawa. Ta ajiye taɓarya, ta ɗaga murya fiye da yadda hira ke bukata.

"Gwaggo, wa aka yi wa allurar nan? Ba Kyalla ba? To duk zuwansa sai ta harbe shi. Da maganin so ne, ai da ita za ta bi shi gida."

Gwaggo ta toshe baki tana danne dariya.

"Ni ba a ba ni komai ba," in ji Sakinatu. "Mutum na gani dabba ta kayar da shi a gaban mutane, ya tashi bai zage ta ba, bai ɗaga mata sanda ba. Na ce wanda ya yi wa saniyar uwata haka ba zai wulaƙanta ni ba."

A bayan zana Malam ya ajiye harawa. Sai aka ji takunsa ya nufi zaure.

Da la'asar ya aika a kira Kailani, wai a zo a duba saniya. Kailani ya zo, ya naɗe hannun riga ya duba ta. Kyalla ta auna shi ta sakar masa ƙafa a gwiwa. Malam ya yi dariya har da share ido.

"Baba," in ji Kailani yana ɗingishi, "ciki ya shiga."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Da za a fita da amarya, Malam ya kira ango zaure, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Na zalunce ka da zato, ka yafe mini. Tsoro na ji an ƙwace mata zuciya, ashe ita ta ba ka da hannunta. Ba ni da wata sai ita, Kailani. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Daga bayan ƙofa, cikin mayafi da kuka, Sakinatu ta riga kowa cewa amin.