Masu Amsawa a Bayan Minanata

A shekarun da kuɗin mai ke zuba, soja na mulki, Irmiya yana zanen taswira a ofishin safiyo na Sakkwato. Wata Laraba aka kawo hotunan garin daga tauraron ɗan'adam. Baturen da ya kawo su ya ce na'urar ba kyamara ba ce. Kira take aikowa ƙasa, irin wanda kunne ba ya ji, sai ta zana duk abin da ya mayar mata da amsa, ko cikin duhu ko cikin hadari.

Bayan unguwar Minanata akwai wani fili da ko awaki ba sa shiga. A hoton kuwa cike yake da fararen ɗigo, a jere kamar rumfunan kasuwa. Manjon da ke kula da aikin ya ce sansanin 'yan fasa-ƙwauri ne, Irmiya ya je ya gano kafin a tura sojoji.

Shi da direban ofis suka isa dab da magariba. Gidaɗo direba ya tsaya nesa, ya ƙi kashe mota.

"Malam Irmiya, wanga hili ba a shiga nai yanzu," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Irmiya ya sauka shi kaɗai. Yashi ne da ƙaya, babu sawun kowa. Yana tafe yana jin kiran salla daga cikin gari. Da ya kai tsakiya, sai kiran ya yanke.

Ƙamshin tsire ya buge shi. Sai na turaren wuta.

Can ya ji daka. Turmi ɗaya, sannan da yawa. Wani ya yi tari a damansa. Gefen riga ya shafi hannunsa, da sanyi.

Bai ga kowa ba.

"Ku ne ke ta kiranmu daga bisa?" Muryar tsohuwa ce, dab da kunnensa.

Dakan ya tsaya.

"Mun amsa, kun gan mu. Nan ba ya zamnuwa kuma. Ina gidanka?"

Irmiya ya datse haƙora. Harshensa ya motsa da kansa.

"Ƙofar Dundaye."

Ya zura da gudu, takalminsa ɗaya ya zauna a yashi. Gidaɗo ya fizgo shi cikin mota, bakinsa na karanto addu'a.

Washegari sojoji suka kewaye filin, awaki kawai suka tarar suna kiwo. A gidan Irmiya kuwa randa ta riƙa wayar gari ba ruwa. Matarsa Tabita ta daina shiga ɗakin baya, ta ce ana daka a ciki.

Irmiya ya nemi canjin wurin aiki zuwa Jos. Ranar tashi, mai babbar motar da suka ɗauka ya sauko ya duba tayoyinsa, ya dubi 'yan kayansu.

"Maigida, gado da akwati kawai na gani," ya ce. "Me ya danne min mota haka?"