Tabar da Aka Ɗaure da Gashi

A wajen koyon waƙar coci a garin Serchhip Zuali ta fara ganin Rinawma. Kafinta ne, ya zo gyaran benci, ya ji muryarta, ya tsaya da guduma a sama har mai kiɗa ya ce, "Malam, ko ka buga ko ka zauna."

Washegari da yamma sai ga shi a gidansu.

Mu nan, in gida da budurwa, samari kan zo hira su zauna tare, ita kuwa ta ba kowa shayi daidai, ta yi wa kowa fara'a daidai. Nuna wanda take so a fili abin kunya ne. Saurayin ne zai yi magana, ya aiko manyansa.

To, Rinawma bai yi ba. Damina ta zo ta wuce, Kirsimeti ya wuce, yana kusurwa yana shan shayi da mazarƙwaila yana kallon ƙafafunsa. Biakzama kuwa, mai tasi biyu, bakinsa ba ya rufuwa, kuma mahaifin Zuali, Pu Lalzuia, dattijon coci, ya fara kiransa "ɗana".

Zuali ta gaji ta tura wa Rinawma saƙo a waya: "Rina, shayinmu ne kake so ko akwai wani abu?"

Amsa ta zo: "Tauraruwata, na yi addu'a, Ubangiji ya sa mini salama a zuciya cewa zai cika mini alkawari. Ina jiran alamarsa."

Ta jefa wayar kan gado. "Alama! Kaka, kin ji? Mala'ika yake jira ya sauko a kan rufinmu."

Kakarta Pi Thangi ta yi dariya har da tari. "A zamaninmu taba muke naɗa wa samari. Ta kowa a ɗaure da zare, ta wanda kike so a ɗaure da gashi. Ko kurma ya gane wannan."

"Ni da na rage gashina?"

"Bar mini. Je ki ɗora ruwa."

Da yamma Zuali ta raba tabar, ta miƙa wa Rinawma tasa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi murmushi.

"Na gode, amma na yi wa Ubangiji alkawarin barin taba tun bara. Biakzama, ungo, kada ta lalace."

Biakzama ya juya ta, ya ga gashin, ya saka a aljihun gaba yana washe baki. Zuali ta shiga kicin ta ciji ƙyallen goge kofi don kada ta yi ihu.

Kafin Lahadi duk direbobin tasha sun ga tabar nan. Pu Lalzuia ya ce manyan Biakzama za su zo ranar Asabar, kuma shi ba zai mayar da su ba.

"Baba, ba shi na nufa ba!"

"Wa kika nufa? Wancan da ya cinye mana mazarƙwaila bai ce uffan ba? Ba zan ba da 'yata ga benci ba."

Ta sake rubuta wa Rinawma: "Alamar da kake jira an saka maka a tafin hannu, ka ba Biakzama don kada ta lalace. Asabar za a ba da ni. Ci gaba da jira, bawan Allah."

Can sai amsa ta zo: "Zuali, ban duba ba. Wallahi ban duba ba. Kada ki daina addu'a."

"Ni ban daina ba. Kai ka fara tafiya."

Asabar falo ya cika. Biakzama ya biyo manyansa, abin da ba a yi, don ya nuna shaidarsa. Ya ajiye tabar a kan tebur. Sai ga Rinawma a bakin ƙofa da kawunsa, rigarsa duk garin katako, yana haki.

"Pu Lalzuia, tabar nan tawa ce. Ni aka ba."

"Yau ka sami baki?" in ji dattijon. "Ka ba da ita da hannunka."

"Gashinta ne, a aljihuna ya kwana," in ji Biakzama. "Magana ta ƙare."

Pi Thangi ta miƙo hannu. "Kawo in gani, jikana." Ta warware gashin a hankali, ta ɗaga shi wajen taga. Dogo, fari fat.

"Zuali gashinta bai kai yatsa ba. Nawa na tsinko. In gashi ne ya ƙare magana, to ni ka samu. Yaushe bikin? Ka sani haƙorana sun tafi, nama mai laushi nake ci."

Manyan Biakzama ne suka fara fashewa da dariya. Shi ma da ya rasa abin yi ya dara, ya ɗauki makullinsa ya fita.

Pu Lalzuia bai yi dariya ba. Ya dubi Rinawma.

"Me ya hana ka magana duk wannan lokaci?"

"Na ji tsoro in riga Ubangiji, Pu Lalzuia. Na ɗauka jira shi ne in zauna shiru. Ita ce ta yi jiran gaske, tana da wanda zai ɗauke ta gobe ta ƙi."

Dattijon ya juya ga 'yarsa. "Ke fa?"

"Ya ƙure ni, Baba. Amma shi na roƙa a wurin Ubangiji."

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. "To. Tunda ka iya jira, ka jira bayan girbi. Ka gama rufin gidan mahaifiyarka tukuna."

Zuali ta buɗe baki, kakarta ta taka mata ƙafa.

Bayan girbi aka ɗaura auren a cocin, jama'a zaune a kan bencin da ango ya gyara. Da fasto ya tambaye shi ko ya yarda, Rinawma ya tsaya jan numfashi, sai aka ji amarya ta ce ƙasa-ƙasa, "Wannan ma alama kake jira?"

"Na yarda!" ya ce, da ƙarfin da har na waje suka ji.

Ubangiji ya sa albarka a gidan nan, ya ƙara wa Zuali haƙuri, don har yau da sauran buƙata.