Tsohuwar Na'urar Masunta

Yamma ce irin ta kullum a gidan Hasebe Tokuji, can bisa tudun Sasebo inda ake hango jiragen ruwa suna komowa. Rana ta kusa faɗawa teku. Matarsa Michiyo tana gasa kifi a kicin. 'Yarsu Chizuru, wadda ke koyon aikin jinya, tana zuba shinkafa a kwanuka tana tsokanar ubanta a kan furfurarsa. Shi kuwa ya miƙe ƙafa a kan tabarma, ransa fes, don a makon nan ya sauke aikin da ya daɗe yana cin ransa.

Tokuji ma'aikacin manyan na'urori ne, irin kwamfutocin nan masu tsayin mutum da ake keɓe wa ɗaki guda. Da asambla yake rubuta musu umarni, harshen da ya fi kowanne kusa da ƙashin na'ura. Sababbin na'urori sun zo da sababbin umarni, kalma ɗaya ta ɗauke aikin goma. Tsofaffin kuwa ba su san su ba, da zarar sun ci karo da ɗaya sai aikin ya tsaya cak. Kamfaninsu ya ce a juya komai zuwa sabon salo. Tokuji ya tuna wa shugabansa cewa ƙungiyar masunta ta wani ɗan tsibiri har yanzu da tsohuwar na'ura take tafiyar da kasuwar kifinta. Shugaban ya yi tsaki.

"Waɗannan? Su sayi sabuwa mana, ko su koma aiki da alli da allo."

Tokuji bai ja maganar ba. Ya tura aikin yadda aka ce.

Suna shirin kai loma ta farko dutse ya faɗo a kan rufi. Ƙwas! Ya gangaro a hankali, ya dire a tsakar gida. Tokuji ya leƙa waje, babu kowa a layin sai magariba da ke sauka. Ya ɗauko dutsen. Baƙi ne, jiƙe, yana warin ruwan teku, kuma sanyinsa ya ratsa masa tafin hannu har gwiwar hannu.

"Yaran maƙwabta ne," in ji shi.

"Baba, wane yaro ne zai hau wannan tudun da..."

Chizuru ba ta ƙarasa ba. Bakinta ya tsaya a buɗe, idanunta a kan bango, sandunan cin abinci a hannunta. Michiyo ta girgiza ta, ta kira sunanta har murya ta dushe. Yarinyar tana numfashi, tana ƙifta ido, amma kalmar da ta rage ba ta fito ba.

Likitoci suka duba kanta da maƙogwaronta, ba su ga komai ba. Aka dawo da ita gida. Daga nan kowace yamma, rana na taɓa ruwa, sai duwatsu su soma sauka ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sanyi ya tare a gidan alhali ana tsakiyar bazara. Shayi yana hucewa kafin a kai shi baki. A cikin bango kuma ana jin wani gurnani siriri, kamar na fanka mai neman tashi ta kasa. Michiyo ba ta san wannan sautin ba. Tokuji ya san shi, shekara da shekaru yana aiki a cikinsa, amma ya haɗiye maganar.

Wata yamma Michiyo ta tarar da Chizuru ta naɗe a bayan firiji, ta manna kumatunta a inda ɗumi ke fitowa, tana kuka ba sauti. Washegari da sassafe matar ta hau dutse, ta je wurin Iya Fusae.

Iya Fusae tsohuwa ce mai kula da ɗan wurin ibada a cikin kurmin dutsen, ta karanci littattafan magabata, kuma an san waɗanda ba a gani suna jin maganarta. Ta iso kafin faɗuwar rana, dogare da sanda. Ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iska.

"Wannan baƙon da jirgin ruwa ya zo," in ji ta.

Ta zuba gishiri a kusurwoyin ɗaki, ta kunna turare, ta zaunar da Chizuru a gabanta, ta shiga karatu ƙasa-ƙasa tana jan carbinta na katako. Hayaƙin ya miƙe sak, ko kaɗawa ba ya yi. Haske ya yi ta janyewa daga takardar da aka liƙa a taga. Dutse ya faɗo. Wani ya biyo.

Chizuru ta ɗaga kai. Muryar da ta fito ta tsoho ce, mai kauri, da karin harshen mutanen tsibiri.

"Ke tsohuwa, ba da ke nake ba."

"Yanzu da ni kake. Wa ya taɓa ka?"

Hannun yarinyar ya tashi a hankali ya nuna ubanta.

"Tun kafin a yi ginin masunta muke wurin, a cikin damshi. Da suka kawo ƙarfen nan mai numfashi, muka sami ɗumi a bayansa. A nan na aurar da 'ya'yana. Sai wannan ya aiko masa da maganar da bai sani ba, ƙarfen ya sarƙe. Masunta suka gaji da jira, suka kashe shi, suka rufe ɗakin. Jikata jaririya ce. Sanyi ya ɗauke ta."

Michiyo ta toshe baki da hannu. Tokuji ya durƙusa, goshinsa a tabarma.

"Ban sani ba. Na rantse ban san kuna nan ba."

"Ka san masuntan suna nan," in ji muryar.



"Me kake so?" Iya Fusae ta tambaya.

"Ya tsayar da ƙarfena a tsakiyar magana, na tsayar da 'yarsa. Zan tafi da ita."

"Ba za ka tafi da ita ba. In ka ɗauke ta, sauran jikokin naka a ina za su kwana? Sanyin dai yana can yana jiransu." Ta juya ga Tokuji. "Kai ɗan nan, ɗaga kanka. Abin da ka ɓata yana gyaruwa?"

"Yana gyaruwa, Iya." Tokuji ya ɗaga kai. "Zan yi wa aikin hanya biyu. Kafin ya furta komai, zai fara duba abin da na'urar ta iya. In sabuwa ce, ya bi gajeriyar hanya. In tsohuwa ce, ya yi mata magana da harshenta na da. Ba za ta ƙara jin kalmar da ba ta sani ba."

"Har yaushe?"

"Muddin ina..."

"Kul!" Iya Fusae ta katse shi. "Kada ka yi alkawari da abin da ba naka ba." Ta dubi idon yarinyar. "Ƙarfe yana tsufa, ka fi ni sani. Ranar da za a kashe shi, ni da kaina zan zo in kai ku wani masauki, akwai kogo kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi. Na ɗauki wannan a wuyana."

Turaren ya ci rabi kafin muryar ta amsa.

"Na karɓa, saboda ke. Amma in ɗakin ya yi sanyi ban gan ki ba, na san hanyar tudun nan."

Chizuru ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Mama, yunwa nake ji."

Tokuji ya rubuta hanyoyin biyu, bai nemi izinin kowa ba, ya hau jirgin ruwa ya kai da kansa. Yana tsaye aka kunna na'urar, iska mai ɗumi ta soma fitowa ta bayanta. Bai leƙa wurin ba.

Shekaru sun shuɗe. Chizuru ta yi aure, ta haihu, ba ta tuna komai. Sababbin ma'aikata sukan ce a goge tsohuwar hanyar nan, nauyi kawai take ƙarawa, Tokuji ya ce sai bayan ransa.

A kakar bana shugaban masuntan ya bugo masa waya cike da murna, ya ce sun samu tallafi, da an fita hunturu za su jefar da tsohuwar na'urar su kafa sabuwa, 'yar ƙarama, ko ɗumi ba ta yi. Tokuji ya taya shi murna, ya ajiye wayar, ya hau dutse.

Ya tarar da ƙofar Iya Fusae a rufe, ciyawa ta cinye matakala. Wani mai saran gora ya ce masa ai tun bara aka binne ta.

Har yau bai gaya wa Michiyo ba.