Tsibirin da Ba Shi da Kasuwa

Da wani ya gaya wa Badaru mai haƙa rijiya cewa tashin hankali yana tafe gidansa a cikin aljihun wani saurayi, da ya kore shi tun ranar farko. Amma ba wanda ya gaya masa. Shi da bakinsa ma ya ce a ba yaron ruwa.

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba a lokacin. Tanimu, ma'aikacin gidan kiwo mai yi wa shanu allura, ya dawo daga wajen Azagor a kan doki, leɓensa duk ya tsattsage. Ya tsaya a rijiyar Badaru da ke bakin garin Dakoro. Wadda ta miƙo masa ƙwarya ita ce Baraka, ɗiyar Badaru guda ɗaya tilo, wadda uwarta ta rasu tun tana goye.

Ya sha, ya ƙara sha, idonsa na kanta ta saman ƙwaryar.

"Malam, ruwan kake sha ko ni?"

"Gafarta mini. Ruwan ne ya yi daɗi."

"To rage wa dokin, shi ya yi tahiyar, ba kai ba."

Daga ranar, dokin Tanimu ya daina jin ƙishirwa a ko'ina sai a rijiyar nan. Ita tana ce masa Mai Allura, shi yana ce mata Sanyin Rani. Badaru ya bincika asalinsa, ya ji ɗan mutanen kirki ne na Birnin Lalle, ya ba shi izinin zuwa zance bayan la'asar.

Sai dai zance a gidan Badaru wahala ne. Gidan cike yake da masu koyon haƙa da matansu da ƴaƴansu, ga makiyaya da ke sauka kullum, ga kukan raƙuma da ƙarar guga tun asuba. Duk kalmar da Tanimu ya faɗa sai ya maimaita.

Wata rana ya tambaye ta abin da take so ya yi mata in an ɗaura aure. Ya zaci za ta ce zannuwa ko gadon ƙarfe.

"Shiru nike so," in ji ta. "Tun da aka haihe ni ban taɓa jin shiru ba. Ko kuka na so yi, sai wani ya leƙo yana neman ludayi. Ka kai ni inda zan ji muryarka ita kaɗai, ko na ɗan lokaci ne."

Kashegari ya zo da hotuna uku a aljihu. A bakin teku ya yi karatun aikinsa, kuma malaminsu ya taɓa zagayawa da su wasu tsibirai don yi wa awaki allura. Kowane tsibiri yana da masaukin baƙi. A da Nasara kaɗai ke kwana a ciki, amma yanzu ƙofa a buɗe take ga kowa.

"Wannan na farko yana da fitilun lantarki da makaɗa."

"Makaɗa? Wuce."

"Na biyu yana da babbar kasuwar kifi. Har Hausawa akwai."

"In akwai Hausawa, akwai wanda ya san Baba. Wuce."

Na uku ɗan ƙarami ne. Bishiyoyin kwakwa, farin rairayi, ɗakuna kaɗan na ciyawa, da wata tsohuwa mai dafa wa baƙi abinci. Ba kasuwa, ba mota, kwalekwale ma sai jefi-jefi yake zuwa.

Baraka ta ɗora yatsa a kansa.

"Wanga," ta ce a hankali. "Mai Allura, wanga nike so."

Ya yi mata alkawari zai haɗa konjensa, wato hutun aikinsa, duka, su tafi da zarar ta gama kwanakin amarci.

An kai kayan tambaya, an sa rana bayan damina. A nan ne Mijinyawa ya shigo. Mai sayen gujiya ne da ke kai ta Maradi, ya taɓa neman Baraka ta ƙi shi, bai kuwa haƙura ba. Labarin tsibiri ya kai kunnensa ta bakin matan gidan, sai ya tari Badaru bayan sallar Juma'a.

"Baba, ashe ɗiyar taka bisa ruwa za a ɗora ta? Ni na je Ikko, na ga teku da idona. Tsibiri ƙasa ce da ke zaune bisa ruwa kamar ƙwarya cikin randa. In iska ta taso, sai inda Allah ya kai ta."

Badaru bai ci abincin rana ba. Ya aika aka kira Tanimu, ya ce ya nuna masa hoton. Ya kai shi bakin zaure inda haske yake, ya duba, ya juya, ya sake dubawa. Ga ƙasa a sama, ga ruwa a ƙarƙashinta ta kowane gefe. Shi kuwa duk rayuwarsa ruwa a ƙarƙashin ƙasa ya san shi, sai an yi haƙa mai nisa kafin a tarar da shi.

"Yaro, mi ya riƙe ta?"

"Baba, ba ta motsi. Ƙasa ce kamar ta Dakoro."

"Ka shiga ƙarƙashinta ka gani?"

"A'a, Baba, amma a lakkwal, makarantar boko, an koya mana..."

"Ban tambaye ka lakkwal ba. Ni ban taɓa saukar da mutum rami ba sai na fara sauka da kaina. Uwarta ta bar mini ita tana jaririya, ni na yi ta yawo da ita gida-gida ana shayar da ita. Yanzu ka ce za ka ɗora ta bisa abin da ba ka san gindinsa ba? Gobe a mayar muku da kayanku."

Tanimu ya durƙusa, ya roƙa har muryarsa ta dishe. Badaru ya shige gida.

Aka hana Baraka fita rijiya. Mai kai saƙo tsakaninsu ita ce Gwaggo Kyauta, yayar Badaru, wadda ta riƙe kayan auren a ɗakinta ta ce ƙafarta na ciwo, ba za ta iya mayarwa ba tukuna. Ta zo wa Baraka da saƙon farko, ta faɗe shi kamar yadda aka ba ta:

"Ya ce: Sanyin Rani, ba na ci ba na barci. Na bar zancen tsibiri har abada. Zan ƙone hotunan gaban Baba. Ke nike so, ko a bakin rijiya za mu zauna."

Gwaggo ta zaci yarinyar za ta yi murna. Sai ta ga ta fashe da kuka.

"Gwaggo, ki ce mishi: abu guda na roƙe ka a duniya. In tsawa ɗaya ta sa ka yar da shi tun ba a ɗaura ba, mi za ka riƙe mini bayan an ɗaura? Kada ka ƙone. In ka ƙone, kada ka dawo."

"Ke ɗiyar nan, kina da hankali kuwa? Yaro ya ba da kai, ke kina ƙara wuta?"

"Haka za ki faɗa mishi, Gwaggo."

Tanimu ya rasa inda zai sa kansa. In ya riƙe tsibiri, ya rasa uban. In ya sake shi, ya rasa ɗiyar. Ya rame har mutanen gidan kiwo suna tambayarsa ko shi ma allurar yake bukata. Mijinyawa kuwa ya fara aiko wa Badaru goro.

Ana cikin haka aka yi ruwan da ba a ga irinsa ba da daɗewa. Kwarin da ke bayan gari ya cika ya zama tabki, har ya kewaye wani tudu mai bishiyar aduwa inda awakin gidan Badaru ke shan inuwa da rani. Da hantsi sai ga mata sun shigo da gudu suna salati. Baraka ta fita ba wanda ya gani, ta ratsa ruwan har ƙirji, tana can kan tudun.

Badaru ya fita ba hula ba takalmi. Ya tarar da rabin gari a bakin tabkin, Tanimu ma ya iso a guje.

"Baraka! Don girman Allah ki dawo!"

"Baba, dube ni! Ga ni bisa tsibiri! Ruwa gaba, ruwa baya. Ya tahi da ni?"

"Ki dawo, na ce!"

"Ba ni dawowa sai ka zo ka taka shi da ƙafarka."

Mutumin da ke sauka ramin da ba a ganin ƙasansa ba tare da gabansa ya faɗi ba, sai ga shi ya tsaya cak a gaban ruwa mai faɗi. Bai iya iyo ba, ba wanda ya iya a garin. Tanimu ya tuɓe takalmi ya matso.

"Baba, kama kafaɗata."

Badaru ya harare shi, sannan ya kama. Suka shiga, laka na jan ƙafafunsu, dattijon yana karanta duk addu'ar da ya sani. Da suka hau tudun ya cafke hannun ɗiyarsa kamar za a ƙwace masa ita. Ita kuwa jikinta rawa yake yi don sanyi.

"Ka gani, Baba? Haka wancan yake."

Ya buga ƙafa a ƙasa, ya girgiza kai, hawaye na zubo masa.

"Wanga na san shi da rani, ɗiyata. Na ga gindinsa da idona, na ɗaure akuya a jikinsa. Wa ya taɓa ganin teku da rani?"

Baraka ta sulale ta zauna a gindin aduwar, ta rufe fuska. Iyakar dabararta ke nan, ta kuwa ƙare.

Badaru ya dube ta, ya dubi ruwan tabkin ja wur da laka. Ya ce da Tanimu cikin ɗaci, ba don yana neman amsa ba:

"An ce ruwan tekun ma gishiri ne. Ko ba ta nutse ba, ƙishirwa za ka kashe ta da ita."

"A'a, Baba, akwai rijiya."

Dattijon ya juyo gaba ɗaya.

"Akwai mi?"

"Rijiya, bayan ɗakunan baƙi. Na sha ruwanta."

"Haƙa ta aka yi, ko rami ne ruwan sama ke taruwa?"

"Haƙa ce. An ɗaure bakinta da duwatsu."

"Ka leƙa? Mi ka gani a ƙasa?"

"Farin yashi da tsakuwa. Ba ta da zurfi, ana ganin guga yana taɓa ƙasa."

"Guga na taɓa ƙasa," Badaru ya maimaita. "Ruwan fa? Kada ka yi mini ƙarya, yaro, Allah na ganinka."

"Daɗi gare shi, Baba. Bai kai naka ba, amma ba gishiri."

Badaru ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar tudun ya murza a tafin hannu. Ya daɗe yana magana shi kaɗai. In ƙwarya ce a kan ruwa, wanda ya huda ta ruwan gishiri zai ɓullo masa, ta kuma nutse da shi. Ba a haƙa rijiya a samu ruwan daɗi sai a ƙasa mai gindi, mai jijiya. Wannan ba a lakkwal ya ji shi ba, kuma ba mai sayen gujiyar da zai koya masa.

Ya miƙe, ya share fuska da hannun riga.

"Shi ne tun farko ba ka ce akwai rijiya ba, ka tsaya kana yi mini lakkwal?"

Baraka ta ɗago kai. "Baba..."

"Ke kuma tashi, mara kunya, kin tara mini gari. Kama ɗaya kafaɗar tashi mu hita daga nan."

Bayan an yi girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Badaru. Mijinyawa bai zo ba, an ce yana Maradi. Gwaggo Kyauta, da ciwon ƙafarta ya warke rana ɗaya, ita ta fi kowa rawa. Da aka kai amarya ɗakinta, Tanimu ya raɗa mata, "Sanyin Rani, kin kusa kashe ni." Ta ce, "Kai ma ka kusa ƙone mini tsibiri, Mai Allura." Sai da ya maimaita abin da ya faɗa bayan haka, don makaɗa sun cika tsakar gida.

Da kwanakin amarci suka cika, Badaru ya raka su tasha inda kamyon Maradi, babbar motar kaya, ke lodi. Daga can za su bi ta Kano, su hau jirgin ƙasa, sannan na ruwa. Ya ɗora hannu a kan ɗiyarsa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari. Ya kai ku, ya maido mini ku." Ya juya ga angon. "In kun isa, kada ta sha sai ka fara sha."

"To, Baba."

Motar ta tashi, Baraka tana ɗaga hannu har suka sha kwana.

Yanzu duk ranar da kamyon Maradi ya shigo Dakoro, Badaru yakan bar aiki ya je tasha ya tambayi direba ko an ba shi saƙo. Ya yarda tsibirin yana da gindi. Amma tsakanin gaɓar teku da tsibirin akwai kwalekwale, kuma wannan bai tuna ya tambaya ba sai bayan sun tafi. Har yau saƙo bai zo ba, bai kuma san ko sun isa ba.