Sati Shida Babu Kifi

A Birnin Kudu Khairiyya ta fara ganinsa, ranar da ta raka mahaifinta, Alhaji Ishiyaku, sayen taki. A wani ƙaramin shago ne cike da akwatunan gilashi, kifaye masu launi na ta kai-komo a ciki. Alhaji ya tsaya ya ƙi gaba. Ita kuwa mai shagon ta kalla sau ɗaya, ta sunkuyar da kai.

Sunansa Abdulnasir. Shi ya kawo akwatin da Alhaji ya saya har gidansu a Gwaram, ya kafa a falon Alhaji, ya cika ruwa, ya kunna injin tacewa, ya barbaɗa ɗan abincin kifi, ya fara tattara kayansa.

"Ina kifin?" in ji Alhaji.

"Sai bayan sati shida, Baba. Kashin kifi guba ne gare shi. Akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ke cinye gubar. Sai sun yi yawa a soson injin nan ruwan zai iya riƙe rai."

Khairiyya ta karanta haka a jami'a. Daga jikin labule ta gyaɗa kai, ya kuwa gani.

Duk Asabar sai ya zo ya ɗiga magani a 'yar kwalbar ruwa. Kore na nufin gubar na nan, ruwan ɗorawa na nufin ta tafi. Saƙonni suka fara.

"Khairina, yau ma kore ne. Amma ni na ga abin da na zo gani."

"Malam Nasir, ka dai kula da ruwa."

Da ya nemi izinin turo manyansa, Alhaji ya ɗaure fuska. "Yaron da ya sayar min da ruwa zalla don ya samu hanyar shiga gidana?"

Dama yana da nasa zaɓin: Aminullahi, ɗan amininsa mai motocin Kano. A sati na uku Aminullahi ya shigo da leda, ya juye jajayen kifaye goma sha biyu a akwatin. "Baba, ga kifi, ba dogon turanci."

Da yamma saƙon Abdulnasir ya shigo mata: "Na ga hoton da ya ɗora, ya rubuta wai kyautar amaryarsa. Allah ya sanya alheri."

Ta kira sau biyar, bai ɗauka ba.

Kwana uku kifayen suka taru a saman ruwa suna buɗe baki. Da safe huɗu suka juya ciki sama. Aminullahi ya ce ta waya ai mai shagon ne ya zuba wani abu don baƙin ciki.

"Kada ya sake tako min gida," in ji Alhaji. "Juma'ar nan zan ba mahaifin Aminullahi magana."

Khairiyya ba ta taɓa musu da mahaifinta ba. Ta ɗauko kwalbar da Abdulnasir ya bari, ta durƙusa a gabansa ta ɗiga maganin. Ruwan ya koma kore shar.

"Baba, ba wanda ya zuba komai. Kashinsu ne, ruwan bai nuna ba. Ya faɗa tun ranar farko. Takwas suka rage, in ya zo yau za su rayu."

Alhaji ya daɗe yana kallon kwalbar. "Kira shi."

Ta rubuta: "Ban karɓi kyautar kowa ba, Nasirina. Suna mutuwa. Don Allah ka zo."

Kafin azahar ya iso a kan babur, da tsohon soso jiƙaƙƙe mai cike da ƙwayoyin nan daga akwatin shagonsa. Ya kwashe rabin ruwan ya sauya, ya cusa soson a injin. Haka ya yi ta zarya kullum.

"Kifin abokin takararka kake ceto?" Alhaji ya tambaye shi.

"Su ba su da laifi, Baba."

Rana ta tara kwalbar ta nuna ruwan ɗorawa. Alhaji ya ƙirga kifayen da yatsa, takwas cif.

"Ka turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Alhaji ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a tagari."

A ɗakinta na Birnin Kudu 'yan kai amarya suka tarar da sabon akwati, ruwa fal, injin na ta huci.

"Amarya, ina kifin?"

Daga cikin mayafi Khairiyya ta yi murmushi. "Sai bayan sati shida."