Idon Wuta da Fitilar Jummai

Ni ne maigadin kamfanin shinkafar Alhaji Ƙasimu da ke bakin hanyar Rano zuwa Kibiya. Ban taɓa zama a aji ba, amma rijiya ta rufta da ni na fito, mota ta kife da ni na fito. Ranar da murhun kamfanin ya fashe kuwa, rabin gemuna kawai wuta ta samu.

Da hantsi abin ya faru. Ƙara ta tashi, ƙofar ɗakin tukunya, inda murhun yake, ta yi sama, wani lebura ya ƙone a baya aka wuce da shi asibiti.

Kafin azahar Sufeto Sadisu ya iso daga caji ofis. Ya tarar Alhaji ya riga ya sa an tsare Injiniya Sadiqa, yarinyar da ta ɗaura wa murhun sabuwar na'ura a makon da ya wuce.

"Yallaɓai, ka tafi da ita kawai," in ji Alhaji. "Tun da na kafa wurin nan ba mu ga haka ba sai da ta kawo mana abinta."

Sufeto ya dubi Sadiqa. "Injiniya, mene ne aikin abin?"

"Ido ne, Yallaɓai. Murhun da gas yake dafa ruwan turara shinkafa. Na ɗaura idon a bakin wani bututu da ke leƙen cikin murhun. Yana ganin hasken zafi na harshen wuta, wanda idonmu ba ya gani. Wuta na mutuwa zai rufe gas, ya kaɗa ƙararrawa."

"Yau bai rufe ba."

"Na gwada shi a gaban Alhaji, ya rufe."

"Idan aikinki ne ya jawo wannan, kotu za ki je. Kin sani?"

"Na sani," ta ce.

Sufeto ya shiga ɗakin tukunya, ni kuma ina biye, don ba wanda ya isa ya hana ni. Idon na nan a mazauninsa. Ya sa Sadiqa ta kwance shi. Ta kama da hannu, sai ya fito ba sifana.

"A karkace aka mayar da shi," ta ce. "Ni da sifana na ɗaure."

Sufeto ya shafa gilashin idon, yatsansa ya fito baƙi ƙirin. Ya shinshina.

"Wutar gas tana yin baƙin hayaƙi?"

"A'a, shuɗiya ce."

"To wannan kananzir ne."

Aka kira Ishiyaku, mai kula da wutar, mutumin ƙauyen Saji.

"Malam Ishiyaku, kana ina lokacin da abin ya fashe?"

"Ina gindin murhun, ranka ya daɗe. Ban motsa ba tun safe."

"Ƙararrawa ta kaɗa?"

"Ko kaɗan. Ai na faɗa wa Alhaji, ƙarfe ba zai yi aikin mutum ba."

Sufeto ya dube shi tun daga hula har takalmi, sannan ya juyo ya dube ni.

"Baba, kai kana ina?"

"Can bakin ƙofar ɗakin, ina wucewa da butata."

"Kai da ke waje ka rasa rabin gemu. Shi da ke gindin murhu ko girarsa ba ta babbake ba."

"Allah ne ya kare," in ji Ishiyaku.

"Ni ma ai ba boka ne ya kare ni ba," na ce.

Sufeto bai kama shi ba. Ya fito bakin get yana tambayar masu talla. Jummai mai ƙosai ta tare shi da ludayi a hannu.

"Yallaɓai, tunda Allah ya kawo ka, ni ma an yi mini sata."

Kofur ɗin da ke tare da shi ya yi dariya. "Iya, kamfani ya fashe, ke kina maganar me?"

"Fitilata. Aci-balbal ɗin da nake suya da ita da asuba. Shekaranjiya na ajiye ta nan gindin katanga, na nema na rasa."

Sufeto ya ɗaga wa kofur hannu. "Ta kananzir ce, Iya?"

"Da ruwa za ta ci?"

"Za ki gane ta?"

"Gwangwanin tumatir ne, lagwanin kuma daga tsohon zanina na yago."

Sufeto ya koma ciki. Ya bi wayar idon da hannu ya ga iya inda tsawonta ya kai. Nan bayan murhun akwai bulo a jingine. Ya ture shi da ƙafa. Ga gwangwani ya yi baƙi a cikin ramin bulon.

Sai ya tara mu duka, ya sa aka rufe tankin gas daga waje, aka kunna akwatin na'urar. Murhu a mace, ƙararrawa ta hau kururuwa. Ya zaro lagwanin ya nuna wa Jummai. Gindinsa bai ci wuta ba, ga zanen atamfa.

"Zanina ne," ta ce.

Ya sa ta zuba kananzir ta kunna. Ya ɗauki idon ya kara shi a gaban fitilar. Ƙararrawa ta yi tsit, koren haske ya kama.

"Kun gani? A wurinsa wuta na ci. Wani ya cire shi daga bututun ya ajiye shi yana kallon fitilar Iya. Wutar murhu ta mutu, gas ya yi ta zuba, har ya iso ga fitilar. Malam Ishiyaku, jar ƙasar da ke takalminka ta gindin murhu ce?"

Ishiyaku ya zame ya zauna a ƙasa.

"Gyaɗata ce ta isa cira, ranka ya daɗe. Gonar nan bayan katanga take. Da can ina kunna wuta in zaga in dawo, ba mai sani. Tun da aka sa idon nan, wuta na ɗan dusashewa sai ya tara mini jama'a. Da na ji ƙarar na haura katanga, na mayar da shi kafin hayaƙi ya lafa."

"Ka kuma tsaya kana kallo za a tafi da 'yar mutane," in ji Sufeto.

Kofur ya sa masa ankwa, aka wuce da shi mota.

Alhaji ya cire hula ya mayar. "Injiniya, ki yi haƙuri. Idan an gyara murhun, ke za ki sake ɗaurawa."

"Zan ɗaura, Alhaji. Wannan karon har da keji da kwaɗo."

"Makullin kuma a ba wa?" in ji Sufeto.

Duk suka juyo suka dube ni. Ga shi nan a wuyana har yau, gemun ma ya tofo ya fi na da.