Karafan ɗin Alhaji Na'ibi

Rana ta yi ja tana gangarawa bahar, wato teku, iskar Jidda mai danshi ta tsaya cak kamar an rufe tukunya. Yahya yana tsaye gaban tsohuwar karafan ɗin mahaifinsa, ya ɗage bonet, ya kara kunne a jikin injin. Karafan ita ce motar nan mai ɗaki a bayanta, da gado da ɗan firij da murhun gas. Wani abokinsa mai suna Bandar ya ce zai saya, ya riƙa fita sahara da iyalinsa, amma sai an kawar da ƙarar da injin ke yi.

Ƙarar kuwa ba irin wadda Yahya ya sani ba ce. Ya duba fanbel, lafiya lau. Ya zare ma'aunin baƙin mai, a cike yake. Ya canza fulogai, ya ɗaure duk notin da hannunsa ya kai. Amma da ya murza makulli sai ƙwanƙwasar ta dawo, a hankali, da tazara, kamar mai buga ƙofa da ba ya son damun mutanen gida. Ya kashe injin, ƙwanƙwasar ba ta tsaya ba.

A cikin motar nan mahaifin nasa, Alhaji Na'ibi, ya ƙare kwanakinsa. Da aka rushe unguwarsu ta Karantina, Yahya ya kama haya a unguwar Madain Fahd, can saman bene. Tsohon ya kalli matakala, ya kalli gwiwoyinsa, ya ce shi kam a bar shi a motarsa, a ajiye ta a filin bayan gini a jawo masa wayar wuta. Jikarsa Abir, 'yar Yahya, ce ke sauko masa da abinci. Da zafi ya kankama, sai mukayyif ɗin da ke rufin motar, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya mutu. Yahya kuwa sana'arsa ke nan, rabin gidajen unguwar Nuzla da gyaransa suke barci. Tun asuba ake kiransa, ba ya dawowa sai ya zama tsumma. Tsoho ya aiko Abir, Yahya ya ce gobe. Ya sake aikowa, aka sake cewa gobe. Alhaji Na'ibi ba mutum ne mai maimaita roƙo ba, sai ya yi shiru ya riƙa fifita da kwali. Wata azahar Abir ta sauko da kwano, ta tarar rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Kowa ya yarda da haka, Yahya ma ya yarda, a gaban mutane.

Ladan ya ɗaga murya, magariba ta yi. A daidai nan wani abu ya faɗo kan rufin motar, tim, ya gangaro gaban Yahya. Ya sunkuya ya ɗauka. Guntun bango ne, da shuɗin fenti a gefe ɗaya, irin fentin zauren gidansu na Karantina, gidan da ko harsashinsa babu yanzu. Ya waiga, filin shiru, ko kyanwa babu. Sai firij ɗin cikin motar ya fara gurnani, alhali shi da hannunsa ya zare wayar wuta ya cire masa batir.

Bai faɗa wa kowa ba. Irin su Yahya gani suke duk abin da ke duniya waya ce ta saki. Ya kwance firij ya mayar, ya toshe bututun gas, ya kwanta ƙarƙashin mota har bayansa ya sage. Da rana ba abin da ke motsi. Da magariba ta kawo jiki sai a fara: ƙwanƙwasa, jifa, murhu yana ƙyas-ƙyas shi kaɗai. Wani lokaci har tari ake yi a ciki, tarin da ya sani.

Ranar Alhamis aka nemi Abir aka rasa. Matarsa Fatsuma ce ta gano ta cikin karafan, ƙofa a rufe, tagogi a rufe, tana zaune bakin gadon kakanta ta ɗora hannuwa kan gwiwa irin zaman tsofaffi. Jikinta ya yi zafi rau, amma ko ɗigon gumi babu. Aka hau da ita sama, aka kunna mata mukayyif, sai ta kwarma ihun da ya fito da maƙwabta. Ba ta yi shiru ba sai da aka kashe.

Abir haihuwar Jidda ce, tana jin Hausa, amma a bakinta ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba, sauran duk Larabci. Wannan yammacin ta dubi ubanta, ta ce da wata murya mai kauri, da Hausar da ba gargada, "Ɗan Na'ibi, yau ma goben ce?"

Sufana ta suɓuce daga hannun Yahya.

"Baban Abir," in ji Fatsuma, "wannan ba aikin sukudireba ba ne. Yalla, je ka ɗauko Malam Musbahu."

Malam Musbahu tsohon limamin masallacinsu ne na Karantina, aminin marigayi, yanzu yana Nuzla. Washegari bayan magariba ya zo. Ya sa aka saukar da yarinyar cikin motar, tunda nan abin ya fi so. Ya zauna a bakin ƙofa, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Zafin cikin motar ya yi nauyi, gumi ya jiƙa wa Yahya riga. Jifa ya sauka sau da dama, sannan ya ɗauke. Abir ta miƙe wuya, idanunta suka kafe.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Maƙwabcin Na'ibi. Tun yana saurayi muke zaure ɗaya. Bai taɓa zubar da ruwan zafi bai yi bisimilla ba, ni ma ban taɓa tsorata masa yaro ba. Da aka rushe mu, na biyo shi nan."

"Musulmi ne kai?"

"Musulmi ne."

"To me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ita ce 'yar aike, da bakinta saƙo ke hawa, da bakinta amsa ke saukowa. Ka tambayi ubanta amsar ƙarshe da ya ba ta."

Malam bai waiwayo ba. Fatsuma ce ta waiwayo. Kunya ta rufe Yahya tun daga kai har ƙafa.

"Na ce ta gaya masa kayan gyaran babu shi a Jidda," ya faɗa da kyar. "Na ce sai an yi odarsa daga waje."

"Ko hawa rufin bai yi ya duba ba," in ji muryar. "Na'ibi ya yarda. Kullum yana ce mini, ɗana ya yi oda, kaya na hanya. Da kalmar nan a bakinsa ya yi azahar ɗinsa ta ƙarshe. Zan fita, malam, amma a rufe ɗan nan cikin motar nan tun hantsi har la'asar, ya ɗanɗana."

"Na yarda," in ji Yahya da sauri, har da wani irin marmari.

"Ni ban yarda ba," malam ya katse shi. "Kai ba alƙali ba ne, bawan Allah, hisabi ba naka ba ne. Ba yanka, ba azaba. Ka faɗi abin da shari'a ba ta hana ba, ko in ci gaba da karatu."

Malam ya ɗora karatu daga inda ya tsaya. Jikin Abir ya fara karkarwa, gadon na kaɗawa da ita. Can muryar ta dawo, ta yi laushi, kamar ta gajiyayyen tsoho.

"To ya gyara. Yanzu, da hannunsa. Na ji an yi alkawari a ɗakin nan, ba zan iya tafiya in bar shi a rataye ba."

Malam ya dubi Yahya, ya gyaɗa kai.

Yahya ya ɗauko jakar aikinsa, ya hau rufin motar da tocila a baki. Ya kwance murfin mukayyif. Bai sha wahalar nema ba, abin na nan yana kallonsa: kafasita ce ta kumbura, 'yar ƙaramar gwangwani da ba ta kai kofin shayi ba. Ya zura hannu a aljihun jaka, inda irinta suke zube kullum, ya ɗauko sabuwa. Kafin ladan ya kira isha ya gama. Ya mayar da wayar wuta, na'urar ta yi tari sau ɗaya ta tashi, iska mai sanyi ta fara sauka kan gadon Alhaji Na'ibi.

Abir ta ja dogon numfashi. Muryar ta ce, "Halas, shi ke nan. Assalamu alaikum." Yarinyar ta yi atishawa, gumi ya karyo mata, ta sulale jikin uwarta. Firij ya yi shiru. Malam ya tofa addu'a, ya tattara carbinsa.

Yahya ya sauko ya tsaya a bakin ƙofa, tsohuwar kafasitar a tafin hannunsa. Abir ta buɗe ido. Ba ta tuna komai ba. Ta ɗaga fuska ta ji sanyi na dukanta, sai ta yi murmushi, ta ce da 'yar Hausarta mai gargada, "Baba, kayan ya iso?"

Fatsuma ta sunkuyar da kai. Yahya ya buɗe baki zai ce e, ya ga jakarsa a buɗe a ƙasa, sababbin kafasitoci na sheƙi a ciki, Abir ma idonta ya kai kansu.

"Ba a yi odar komai ba, Abir," ya ce. "Tun ranar farko yana cikin jakata."